Hannun da Ya Zuba Ruwan

"Ni ina da magana, Fada."

Thekla ba ta waiga ba. Ba sai ta waiga ba, domin muryar daga gefen kafaɗarta ta fito, a kan bencin da take zaune. Surukarta ce, tsohuwa Ottilie, uwar mijinta Benedikt wanda ya rasu a teku.

Cocin ya yi tsit. Ɗan ƙaramin coci ne na katako da rufin ciyawa, zafin watan Disamba, lokacin bazara a wannan ƙasar, ya cika shi har mata suna fifita da gefen ɗankwali.

Yanzun nan Fada Ambros ya gama karanta sanarwa ta uku kuma ta ƙarshe: Florian Stiller mai ƙera ƙafafun amalanke da Thekla Kunze suna nufin aure, duk wanda ya san abin da zai hana ya faɗa. Lahadi biyun da suka wuce ko tari babu wanda ya yi.

"Muna jin ki, Mama Ottilie," in ji Fada.

Tsohuwar ta dafa bencin gabanta ta miƙe da ƙyar. Ta nuna layin maza da yatsa, daidai inda Florian yake zaune da hularsa a kan gwiwa.

"Auren nan ba zai yiwu ba. Wancan ne ya yi wa jikata Klara baftisma a cikin jirgi. Da hannunsa ya zuba mata ruwan, da idona na gani."

"Yesu, Maryamu!" wata mata ta faɗa daga baya.

Babu wanda ya buƙaci a yi masa bayani. Ko yaron da ya tashi a ƙauyensu can Silesiya ya san hukuncin: wanda ya zuba wa jariri ruwan baftisma ya zama ubansa a gaban Allah, uwar jaririn kuma ta zama 'yar'uwarsa. Ba aure tsakaninsu.

Fada Ambros ba a jirginsu ya zo ba, nan Marienau, sabon ƙauyensu a ƙetaren teku, ya tarar da su. Abin da aka gaya masa kawai shi ne an yi wa yarinyar baftisma kafin ta cika. Bai tambayi wa ya yi ba, su ma ba su faɗa ba.

"Florian, tashi. Gaskiya ne?"

Florian ya miƙe, dogo, kansa ya kusa taɓa itacen rufin. "Gaskiya ne, Fada. Na zuba ruwan."

"Yarinyar tana da rai a lokacin?"

Ya juya hular a hannunsa.

"An rufe ƙofofin sama saboda guguwa, Fada. Da rana ne amma da ƙyar kake ganin tafin hannunka. Ban sani ba."

"Ke fa, Mama?"

"Ni zazzaɓi ya kayar da ni a gadon da ke kusa. Na ga kofi a hannunsa, na ji abin da ya faɗa. Amma fuskar yarinyar tana cikin ƙirjin uwarta."

Sai duk idanun cocin suka dawo kan Thekla.

Fada ya rufe littafinsa a hankali. "Ba a nan za ki amsa ba, 'yata. Ranar Laraba kafin in hau doki in tafi sauran ƙauyukan, ki zo ki dafa gicciye ki faɗa mini. Amma ki san abin da ke gabanki. In tana da rai, baftismar ta tabbata, aure kuma babu, sai in bishop ya warware, shi kuwa ya haye teku, ba wanda ya san ranar dawowarsa. In kuwa ta riga ta cika kafin ruwan ya taɓa ta, to ba a yi baftisma ba, zan ɗaura muku aure. Sai dai ba za a kafa mata gicciye a cikin shingen makabarta ba."

Thekla ba ta san yadda aka yi ta fito daga cocin ba.

* * *

Bargon auren yana shimfiɗe a kan tebur yadda ta bar shi. Matan ƙauyen sun yi makonni suna taya ta figar gashin dinya, suna tsokanar ta, an cika shi saura ɗinkin baki ɗaya. Ta tsaya tana kallon sa.

Tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, ta zauna a bakin murhu kamar ba abin da ya faru.

"Me na yi miki, Mama?"

"Ɗora mana ruwan dankali, rana ta yi."

"Na ce me na yi miki? Wa ya goya ki a baya cikin taɓon tashar jirgin nan, ruwa har ƙugu, Turawan Ingilishi suna tsaye suna mana dariya? Wa yake tauna miki ɓawon burodi da haƙoranki suka zube? Fiye da shekara kina riƙe da maganar nan a ciki, sai yau, a gaban kowa?"

"Ina jira ne ki faɗa da bakinki," in ji tsohuwar ba tare da ta ɗago ba. "Lahadin farko na jira. Na biyu na jira. Kika yi gum kamar an ɗinke miki baki. To ni ba zan zauna ina kallo a ɗaura zunubi a gaban bagade ba."

"Zunubi kika ce? Ko dai don ya ce zai koma wajen ma'adinan jan ƙarfe inda ake neman masu gyaran amalanke?"

Nan tsohuwar ta ɗago. Idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Eh, har da shi! Kin ji daɗi? Zai kwashe ki ya kai ki can cikin 'yan giya da masu zage-zage da yaren da ba ma ji. Ni fa? A bar ni wa? Na bar kabarin mijina a Silesiya. Ɗana suka ɗinke a tsumma suka jefa wa kifaye. Jikata ta bi shi. Ke kaɗai kika rage mini a ƙasar nan da ko bishiyoyinta ba su san kaka ba, ɓawonsu suke zubarwa maimakon ganye. Sai in tsaya ina kallo ki tafi?"

"Ya ce zai tafi da ke."

"Ƙafata ta gama tafiya, Thekla. Nan za a binne ni, kusa da inda za a kafa sunan Benedikt."

Thekla ta buɗe baki za ta yi magana, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin a ba shi izini ya turo kai.

Melchior Hanke ne. Shi kaɗai ne mai gidan dutse a Marienau, da gonar inabi da ta fara kama ƙasa, da 'ya'ya huɗu da uwarsu ta mutu ta bari. Ya ajiye ƙullin tsiran alade a kan tebur, daidai kan bargon.

"Ɗauke mini maiƙonka daga kan bargona," in ji Thekla.

"Af, ashe har yanzu bargon da aiki a gabansa?" Ya yi 'yar dariya shi kaɗai, ya ga ba wanda ya taya shi, ya ɗauke. "To, ni ban iya zaƙin baki ba, kin sani. Abin da ya faru ya faru. Gidana yana da ɗaki na Mama, ga taga tana kallon makabarta. Yarana suna yawo da kwarkwata kamar 'ya'yan awaki. Ke kuma na daɗe ina lura da ke, hannunki na aiki ne. Ranar sausayar tumaki babu macen da ta kamo ƙafarki."

"Saniyar noma kake nema, Melchior. Ka je kasuwar Adelaide."

"Na je. Ba su iya dafa kabeji ba."

Tsohuwa ta yi murmushi a karon farko a ranar. "Zauna, ɗana, zauna. Rabu da ita, zafin abin ne bai sake ta ba."

Thekla ta ɗauki bokiti ta fice, ta bar su.

* * *

Duk wadda ta taɓa raino ta san akwai abin da uwa ba ta mantawa ko da ta so. Thekla ta yi ƙoƙari. Ta binne ranar nan a ƙasan zuciyarta ta ɗora mata aiki: sharar gona, tatsar shanu, yi wa Turawan Ingilishi wanki. Amma yau tsohuwa ta tone ta.

Wata huɗu suka yi a kan ruwa daga Hamburg. A wata na biyu zazzaɓi ya shiga ƙasan jirgin inda aka cusa su kamar buhuna. Benedikt na cikin waɗanda suka fara tafiya. Bayansa da kwanaki kaɗan ta haifi Klara, 'yar mitsitsiya, da gashi baƙi kamar na ubanta.

Nono bai zo ba. Ta ina zai zo, ga busasshen biskit mai tsutsa, ga ruwa mai wari da ake ba su da awo? Ta riƙa jiƙa tsumma da ruwan sukari tana ɗiga mata a baki. Ta tura ta cikin rigarta don ɗumin jiki. Ta hana kanta barci don kada ta danne ta in jirgin ya karkata. Duk abin da uwa za ta iya ta yi.

Limamin cocin da ke jirgin yana kwance da zazzaɓi, bai san inda kansa yake ba. Ranar da kukan Klara ya koma kamar na 'yar kyanwa, ranar ce guguwa ta taso aka rufe su a ƙasa. Thekla ta yi ta kiran a taimake ta, kowa yana fama da amansa da mamacinsa. Mutum ɗaya ne ya rarrafo cikin duhu, Florian, saurayin nan mai shiru-shiru daga ƙauyen maƙwabta, wanda ko gaisuwar kirki ba su taɓa yi ba. Rabon ruwansa na ranar ne a kofin.

"Wane suna?" ya tambaya.

"Klara."

Ya zuba. Ya faɗi kalmomin baftisma.

Daga ranar bai bar su ba. Shi ya ɗauko akwatinsu daga tashar jirgi. Shi ya kafa musu ginshiƙan bukka. Bai taɓa yi mata maganar aure ba sai da ta cire baƙin takaba.

* * *

A bakin rafi Florian ya same ta ranar Litinin da hantsi, tana wanki a ƙarƙashin manyan itatuwan turare. Rafin ya ja baya saboda rani. A ƙetarensa har yanzu ana ganin baƙin toka inda mutanen ƙasar na asali suke sauka a da, kafin masu tumaki su kore su gaba.

"Thekla."

Ta ci gaba da bugun rigar a kan dutse.

"Thekla, dube ni mana."

"In na dube ka zan yi kuka, kuma ban gama wankin ba."

Ya tsuguna a gefenta, ya karɓe rigar daga hannunta ya ajiye. Ai kuwa hawayen suka ɓalle.

"Kalma ɗaya ce," in ji shi a hankali. "Ki ce ta riga ta cika. Wa zai ƙaryata ki? Ni ban gani ba, tsohuwa ba ta gani ba."

"In dafa gicciye in faɗa?"

"Allah ya san abin da ya faru a jirgin nan. In Klara tana wurinsa, tana wurinsa. Maganarki ba za ta fito da ita ba. Itace ne kawai za a hana ta, Thekla. Itace! Ni nake sassaƙa su, na san ba komai ba ne sai katako da ƙusa."

"A wurinka."

"A wurin kowa mai hankali!"

"To ni ba ni da hankali." Ta share fuska da bayan hannu, kumfar sabulu ta shiga idonta, ba ta damu ba. "Ka san abin da ya rage mini nata? Ba riga, da ita aka naɗe ta. Ba kabari. Ko wurin da aka jefa ta ban sani ba, ruwa ne ta ko'ina. Wata mai zuwa za a jera gicciyen duk waɗanda teku ta ci a cikin shinge, a kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Za a kira Benedikt. Za a kira matar Melchior. In aka zo kan Klara sai a tsallake, kamar ban taɓa haihuwa ba. Matan nan su riƙa nuna ni suna cewa 'yarta tana can inda ba a ganin fuskar Allah. Kuma ni ce na kai ta, da bakina."

"Ni fa?" Ya buga ƙirjinsa. "Ni da nake da rai? Na bar uwata da ƙannena na haye duniya, ban sami komai a ƙasar nan ba sai ke. Na taimake ki ranar da kowa ya juya miki baya, shi ne laifina? Da na yi kwanciyata kamar sauran, da yanzu ke matata ce. Wace irin shari'a ce wannan, mai hukunta wanda ya tashi ta bar wanda ya kwanta?"

"Kada ka yi saɓo, Florian."

"Na yi! A je a gaya wa Fada na yi!"

Fararen aku suka tashi daga kan itacen da ihunsu mai kama da na mahaukata. Ya jira suka lafa, sannan ya kamo hannunta da duka hannayensa biyu.

"To ji nan. Mu gudu. A birni Ingilishi suna ɗaura aure a ofis, ba sa tambayar wa ya zuba wa wa ruwa."

"In bar tsohuwa ta mutu ita kaɗai? In haifa maka 'ya'yan da cocinmu zai kira shegu?"

"Kowace ƙofa na taɓa sai ki rufe."

"Ba ni na rufe ba."

"Za mu haifi wasu, Thekla. Na rantse miki. 'Yar fari mu sa mata Klara."

Ta zare hannunta kamar ta taɓa garwashi.

"Kada ka sake faɗin haka. Ba kofi ba ce da za a fasa a sayo wani."

Ya runtse ido. Ya san ya yi ɓaranɓarama, amma bakinsa ya riga ya furta.

"Masu amalanke za su tashi zuwa ma'adinai ranar Laraba," in ji shi bayan an jima. "In kin faɗi kalmar, zan bar su su tafi, mu bi bayansu tare bayan biki. In ba ki faɗa ba, zan bi su. Ba zan iya zama a garin nan ina kallon ki kina ɗebo wa Melchior ruwa ba."

"Wa ya ce maka zan auri Melchior?"

"Tsohuwa ta riga ta yi masa alkawarinki. Duk gari ya sani, ke ce kawai ba ki sani ba."

Ya miƙe ya tafi. Ta bi shi da kallo har itatuwa suka rufe shi, sannan ta kifa kai a kan jiƙaƙƙen wankin ta yi kukan da rabonta da irinsa tun a jirgi.

* * *

Ranar Laraba da safe dokin Fada yana ɗaure a ƙofar coci da sirdinsa. Can a bakin hanya ana ɗaura wa shanu karkiya, masu amalanke suna ta zage-zage.

A cikin cocin mutum huɗu ne kawai. Fada a gaban bagade. Tsohuwa Ottilie a bencin gaba da carbinta. Florian a tsaye jikin ƙofa. Sai Thekla.

Tun daga gida ta yanke shawara. Ta maimaita kalmomin a hanya har suka zauna mata a harshe: ta riga ta cika, Fada, jikinta ya yi sanyi. Ta gaya wa kanta Florian yana da gaskiya. Allah ya sani. Mai rai ya fi cancanta a tausaya masa.

Fada ya miƙo mata gicciyen tagulla. Ta ɗora hannu. Yana da sanyi, duk da zafin garin.

"Thekla Kunze, a gaban Allah da ya ga abin da ke cikin duhu. Lokacin da ruwan ya taɓa goshin 'yarki, tana da rai ko ta cika?"

Ta buɗe baki.

Sanyin ƙarfen ne ya yi mata illa. Haka ruwan nan yake da sanyi. Ta tuna yadda ya gangaro daga goshin yarinyar ya bi ta wuyan rigarta har cikin ƙirjinta. Ta tuna abin da ya biyo baya, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"'Yata?"

"Ta yi atishawa, Fada."

Carbin tsohuwa ya tsaya.

"Ruwan ya shigar mata hanci, ta yi atishawa. 'Yar ƙarama, kamar ta kyanwa. Sannan ta damƙe mini yatsa, wannan." Ta ɗaga ɗan yatsanta, hawaye suna zuba ba ta share ba. "Ta riƙe shi har ya gama faɗin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Sai bayan nan ta saki. Tana da rai. 'Yata tana da rai, an yi mata baftisma, sunanta Klara. Ku rubuta ta tare da kowa."

Tsohuwa Ottilie ta toshe baki da ɗankwalinta, kafaɗunta suna girgiza. Abin da take so ta samu, amma ba ta yi kama da wadda ta ci nasara ba.

Fada ya sauke ajiyar zuciya. "Allah ya karɓi gaskiyarki. In bishop ya dawo zan kai masa maganar, amma ba zan yaudare ki ba, 'yata. Tunda nake ban taɓa ganin ya warware irin wannan ba."

Thekla ta juya wajen ƙofa.

Babu kowa. Ƙofar tana buɗe, rana ta shimfiɗo a ƙasa.

* * *

Ba gida ta nufa ba. Ƙafafunta ne suka kai ta makabarta, bayan coci, inda aka kewaye ɗan fili da shingen itace. Ciyawar ta bushe ta yi fari.

Florian yana ciki, a durƙushe, yana haƙa rami da ƙaramin magirbi. A gefensa ga wani abu naɗe da buhu.

Ta tsaya a bakin shingen. "Na ɗauka ka tafi."

"Saura kaɗan."

Ya warware buhun. Ɗan gicciye ne na jan itace, bai fi tsawon hannu ba, an goge shi sumul har yana ƙyalli. A tsakiya an sassaƙa KLARA, kowane harafi da zurfinsa. A ƙasan sunan ga 'yar fure irin wadda take fitowa a bakin gonakin Silesiya.

Thekla ta shigo ta durƙusa. Ta shafa shi. Man da aka shafa masa ya riga ya bushe.

"Wannan ba aikin yau ba ne."

"A'a."

"Yaushe ka yi shi?"

"Ranar Litinin. Da na baro ki a rafi."

Ta ɗago ta dube shi. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Na ji atishawar, Thekla," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Kaina yana dab da naki. Na ji ta. Kullum in na kwanta sai na ji ta."

"Amma ka ce wa Fada..."

"Na yi ƙarya. Na so ki taya ni, don ni kaɗai ba zan iya ɗaukar ta ba. Amma na san wadda nake so. Da kin faɗi abin da na roƙe ki, da ba ke ba ce."

Ta rungume gicciyen a ƙirji, daidai inda ta riƙe yarinyar, ta fashe da kuka. Ya ɗaga hannu kamar zai dafa kafaɗarta, sai ya tsaya a iska, ya mayar.

"Kawo mu kafa shi. Shanun ba za su jira ni ba."

Tare suka kafa. Ita ta riƙe, shi ya tura ƙasa ya daddanne da dunduniya. Ya girgiza shi ya ga bai motsa ba.

"Jan itace ne, gara ba ta cin sa. Zai fi mu daɗewa."

"Florian, in bishop ya dawo..."

"In ya dawo."

"Za ka jira?"

"Ke za a bar ki ki jira?"

Daga bakin hanya aka kaɗa bulala, wani ya ƙwala kiran sunansa da irin lafazin Ingilishi mai karya suna.

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Ya cire hula, abin da bai taɓa yi mata ba, ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa matar da ba a isa a taɓa ba.

"Ki kular mini da 'yata," in ji shi. "Allah ya tsare ki, 'yar'uwa."

Kalmar ta fi mari zafi. Ya juya ya fita ta ƙofar shingen, bai waiwayo ba. Ta ji ƙarar ƙafafun amalanke, waɗanda shi ya ƙera su, suna nisa a hankali har suka ɓace.

Ta daɗe a durƙushe. Da ta ɗago, sai ta hango mutum biyu suna tahowa daga wajen coci: tsohuwa tana dogara sanda, Melchior Hanke yana riƙe da gwiwar hannunta. A ɗaya hannun nasa yana rungume da bargon auren, tsohuwa ta ɗinke bakinsa ta damƙa masa.

Thekla ba ta tashi ba. Ta sa ɗan yatsanta a cikin harafin farko na sunan, ta bi zurfinsa a hankali, sannan na biyu, tana jin takunsu yana matsowa.